Yaron da Ya Zaci Ban San Sunansa Ba

Shekarun baya, tun ban haifi ko ɗaya daga cikin 'yan matan nan nawa biyu ba, na taɓa zaman wasu watanni a Gana. Duk wadda ta san ni a garinmu Wara, ƙasar Yawuri, za ta yi dariya in ta ji haka, don ni ce mai runtse ido in kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa, kuma kafin wannan tafiyar ban taɓa wuce Kontagora ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya, sauran a waya na ƙarasa koyo. Jiya wata 'yar'uwa ta yi tambaya a wannan zauren namu kan riƙon maraya, na yi ta rubutawa ina gogewa. Yau dai na ce bari in faɗi nawa.

Mijina bandar kifi yake saye a bakin ruwa ya kai kasuwar Yelwa. Yana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bi masunta zuwa Gana tun yana saurayi, ya zauna a wani garin bakin tafki da ake kira Yeji. Can ya auri 'yar ƙasar, suka haifi ɗa namiji. Wata rana sai ga waya. Jirgin ruwan da suka shiga shi da matar ranar kasuwa ya daki kututture a cikin ruwa ya kife, Allah ya karɓi ransu su biyun. Yaron ya tsira ne don an bar shi gida wurin kakarsa ta wajen uwa, yana fama da zazzaɓi. Shekararsa huɗu.

Mu a tunaninmu abu ne mai sauƙi, a je gaisuwa, a ɗauko yaro, a dawo. Haka ake yi a wurinmu, ɗan ɗan'uwanka naka ne, ba mai tambayarka takarda. Ashe yaron a takarda ɗan Gana ne. Kakarsa kuma, ko da yake ta tsufa ba ta da ƙarfin riƙonsa, ta ce ba za ta miƙa jikanta ga mutanen da ba ta taɓa gani ba sai hukuma ta shiga ciki. Hukuma ta ce waɗanda za su riƙe shi su zo, miji da mata, su zauna tare da shi a garin, a riƙa zuwa ana duba zaman. In an gamsu, kotu ta ba da shi. In ba a gamsu ba, a kai shi gidan marayu a birni. Mijina ya tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba laifi muddin ba a raba yaro da sunan ubansa ba. Muka shirya mu uku, ni da mijina da surukata, mahaifiyar mamacin, wadda nake kira Inna.

A lokacin shekarata biyar da aure, ciki ya zube mini sau biyu. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana a gidan, amma na san yadda ake yin shiru in na shigo ana zancen suna. Da mijina ya ce ni zan riƙe yaron, sai na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Hanyar ba zan ba ku labarinta ba, ta yi tsawo. Ta Kamba muka fita, muka ratsa ƙasashe biyu, duk inda aka tsayar da mota sai in ga kamar yanzu za a ce ni kaɗai in sauka. Abin da ya ba ni mamaki da muka isa, garin kamar namu ne. Ga tafki iya ganinka, ga busassun itatuwa tsaye a cikin ruwa irin na wajen tsofaffin ƙauyukanmu da ruwa ya cinye, ga warin banda. Har Hausa ana ji a zango. Muka sauka a ɗaki biyu na marigayin, a wani gidan haya mai mutane da yawa.

Washegari kakar ta kawo shi. Tsohuwa ce gajera mai furfura, ba ɗankwali, ta ɗaura zane a ƙirji. Shi kuma yana bayanta, ya riƙe gefen zanenta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani ɗan kwalekwalen wasa da ubansa ya sassaƙa masa. Kunnuwan gidan mijina ne sak, masu ɗan buɗewa. Inna tana ganinsa ta sa mayafi a fuska. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa. Na ce a raina, wannan nawa ne. Ba riƙo ba, ba taimako ba. Shi ne ɗana na fari.

To a nan matsalar ta fara, don da na ce ɗan fari, sai kunya ta sauko mini gaba ɗaya.

Na san wasunku a birni kuka tashi, bari in yi bayani. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka a gaban suruka sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayata ba, "waccan" take cewa, kuma duk mun san ita ta fi so. Wadda ta rungumi ɗan fari a bainar jama'a, cewa ake ba ta da tarbiyya. Ga kuma na biyu, yaron sunan mahaifin mijina aka sa masa. Ni suruka ce, wannan suna ko a kan wani mutum daban na ji shi, ba ya fita daga bakina. Inna ma sunan mijinta ne, ba za ta kira ba. Mijina sunan ubansa ne. Sai ya zama mijina yana ce masa Baba, Inna tana ce masa "mijina" ko "angon banza", irin wasan kaka da jika. Ni kuma "kai" kawai nake cewa, shi ma in ba kowa.

Wallahi na yi masa duk abin da na iya. Tuwon shinkafa na tuƙa ya ƙi ci, sai na je wurin wata maƙwabciya na koyi dokunu, irin ƙullin masarar da suke naɗewa a ganye, da yajin da ake ci da shi. Na farko da na yi ko kaji sun ƙi. Kifi kuwa, sai in zauna in tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, in murza tsokar da yatsa sau biyu, sannan in miƙa wa Inna kwanon in ce, "Inna, ga na mijinki." Ita ta ba shi. Kayansa ni ke wankewa, in ya yi fitsarin kwance ni ke shanya tabarma kafin mutanen gida su fito. Ya yi tari sau ɗaya, na hana mijina sakat sai da ya kai shi kemis. Amma in ya zo ya jingina da ƙafata Inna tana zaune, sai in ɗan matsa, in yi kamar ina neman wani abu a kwando. Ya yi haka sau da yawa a makon farko. Daga baya ya daina. Ni kuma, don rashin wayo, sai na ji daɗi, na ce yaron yana da hankali, ya gane.

Matar da hukuma ta turo duba mu, Madam muke ce mata. Doguwa ce mai tabarau, tana zuwa a kan ɗan babur, tana jin Hausar zango, irin wadda mace da namiji duk "ya" ne. Ni Amariya take ce mini, haka suke kiran kowace ƙaramar matar aure. Ba ta da faɗa. Zama take yi a kan benci ta sha ruwa, ta yi ta kallo. Kallon nan ne yake kashe ni.

Zuwanta na biyu ta dube ni ta ce, "Amariya, yaya sunan yaronka?"

Inna na gefena. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi.

Mijina ya yi dariya ya ce, "Baba ne."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba, Alhaji. Kuma ba Baba ba ne." Ta juya wurin Inna. "Mama, kai fa?"

Inna ta rufe baki da hannu ta ce, "Wanga? Mijina ne, miji marar cefane. Tun da niz zo ko daddawa bai saya mini ba."

Madam ta yi murmushi kaɗan, ta bar zancen. Mu duka muka ɗauka an wuce wurin.

Wani zuwan kuma, yana gudu a tsakar gida da ɗan kwalekwalensa, ya yi tuntuɓe da turmi ya faɗi, gwiwa ta fashe. Na miƙe ban san na miƙe ba, har na yi taku biyu. Sai na tuna Inna na nan, ga Madam, ga mijina, ga matan gida a bakin murhu. Na koma na zauna. Inna ce ta lallaɓa da ciwon ƙafarta ta ɗauke shi tana cewa, "Kai raggo, haka za ka riƙe ni?" Yana kuka yana leƙowa ta kan kafaɗarta yana kallona. Ni kuma ina kallon ƙasa, farcena ya nutse a tafin hannuna. A raina ina cewa Madam ta ga yadda aka tarbiyyantar da ni.

Akwai ranar da ta ce in ɗauke shi ta yi mana hoto. Hoton yana nan har yanzu. Na riƙe shi nesa da jikina kamar an ba ni tukunya mai zafi, fuskata tana kallon katanga.

Mun kusa wata biyu sai Madam ta zo tare da kakar. Ba ta karɓi ruwa ba ranar. Ta sa aka tura yaron wurin maƙwabta, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Alhaji, zan gaya maka gaskiya. Gida da tsabta, yaro ya yi ƙiba. Amma ba zan iya gaya wa kotu a ba ku shi ba. Matarka ba ya son yaron nan."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mijina ya ce, "Subhanallahi. Wa ya ce?"

"Shi ya ce. Na zauna da shi jiya a gidan kakansa, na tambaye shi da yarenmu. Na ce tsohuwa, uwar Alhaji, fa? Ya ce tsohuwa yana zaginsa amma yana ba shi kifi mai daɗi, ba ƙaya. Na ce Alhaji fa? Ya ce yana kama da babansa. Na ce Amariya fa?" Ta dube ni. "Ya ce, wannan matar ba ta san sunana ba. In na taɓa ta, sai ta matsa. Ina jin wari nake yi."

Ban san yadda zan rubuta muku abin da na ji ba. Yaron da ya rasa uwa da uba rana ɗaya, wanda uwarsa ke goya shi tana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa kamar yadda na ga matan garin suna yi, ya zauna wata biyu yana shinshina jikinsa saboda ni. Sai a lokacin na tuna yadda yake yawan cewa a yi masa wanka, har sau uku a rana, mu kuma muna dariya muna cewa ɗan masunta ne, ruwa yake so.

Mijina ya shiga bayani, yana haɗa Hausa da ɗan Turancinsa na kasuwa. Ya faɗi zancen ɗan fari, ya faɗi zancen sunan mahaifinsa. Ya ce, "Madam, a wurinmu wanda aka fi so shi ake wa haka. Da ba ta ɗauke shi ɗa ba, da tuni tana kiran sunansa kamar na ɗan maƙwabta. Kifin ma da yake faɗi, ita ke tsincewa."

Madam ta saurare shi har ya gama, ta juya wa kakar da yarensu. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana gajeriya.

Madam ta ce, "Ya ce ya yarda ba ƙarya kuke ba. Ni ma na yarda, na taɓa jin irinsa a wurin Fulani. Amma ni shekarata hamsin, na gane. Shi shekara huɗu. Je ka yi masa wannan bayanin ka gani." Ta mayar da tabarau. "Tsohuwa ya ce 'yarsa ya mutu, ba wanda zai sake kiran yaron nan yadda uwa yake kira. In za a kai shi ƙasa mai nisa inda ba mai kiransa, gara gidan marayu, can aƙalla suna kiran suna in za a ba da abinci."

Ta ce za ta ƙara mana lokaci kaɗan, ba don mu ba, don yaron.

Bayan sun tafi mijina ya ɗauki hularsa ya fita bakin ruwa. Ni na shiga wanke-wanken da na riga na wanke. Kwana biyu ina gwadawa. In na shiga banɗaki sai in motsa baki da sunan ba sauti, in ji kamar surukina marigayi yana tsaye a bayan ƙofa da carbinsa. In na ga yaron shi kaɗai sai in buɗe baki, sai "kai" ta fito. Kunya biyu suka sa ni a tsakiya, ta Inna da ta yaron, kowace in na juya mata baya sai ɗayar ta tsaya a gabana.

Rana ta uku da hantsi muna zaune ni da Inna muna gyaran kifi a bakin ƙofa. Yaron yana can ƙarshen tsakar gida wajen tankin ruwa, yana tura kwalekwalensa a cikin kwata. Inna ba ta dube ni ba, tana kankare ɓawon kifi ta ce, "Jiya na sa mijinki ya kai ni inda aka rufe wanshi."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Inna."

"Amin. Shi ne na farina, kin sani."

"Na sani, Inna."

"Ranar da zai taho ƙasag ga, ya zo ya durƙusa bakin ɗakina. Ina ciki ina tsintar shinkafa. Ya ce Inna zan tahi. Na ce to. Ban ko ɗaga kai ba, kakarshi na zaune." Ta jefa kifin a roba ta ɗauki wani. "Shekara talatin da wani abu, ban taɓa kiran sunanai ba. Jiya na tsaya kan kabarin na ce bari in kira sau guda, ba kowa sai ƙanenai. Bakin ya ƙiya. Ya saba."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana irin wannan ba. Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Shi dai ya sani, nan ya tashi cikinmu, ya san mi ake nufi. Wanga bai sani ba." Ta goge hannu a zane, ta dafa bango ta miƙe. "Ni ba ni iyawa, na tsufa da abina. Ke yarinya ce, bakinki bai bushe ba. Zan shiga ɗaki in toshe kunnena. Abin da ban ji ba, ba a yi shi ba."

Ta shiga, ta saki labule. Ta gefen labulen ina hango ta zaune a kan tabarma, ta juya baya, ta cusa yatsu cikin kunnuwa ta saman ɗankwali, da gaske, kamar ƙaramar yarinya mai tsoron tsawa.

Na tashi tsaye da wuƙar kifi a hannu, na tuna, na ajiye. Na kira. Abin da ya fito ko kazar da ke kusa da ni ba ta ji ba. Na sake, ya ɗan fi. Bai juyo ba, ruwan tanki na zuba. Matar da ta koya mini dokunu tana bakin murhunta tana kallona, ta yi mini alama da hannu, wai ɗaga murya. Na runtse ido kamar ina tsakiyar ruwa na kira sunan surukina da ƙarfi, a tsakar gidan haya, a ƙasar mutane, har wani mai gyaran raga a waje ya amsa, don shi ma sunansa ke nan.

Yaron ya juyo. Ya dubi ƙofar gida tukuna, yana neman wanda ya kira. Sannan ya dube ni. Ya taho a hankali, ya tsaya nesa kaɗan, daidai inda ya saba tsayawa. Ni kuma ban shirya abin da zan ce ba. Sai na ce, "Zo ka ci abinci." Alhali bai daɗe da ci ba.

Ya ce da 'yar Hausarsa, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Me?"

"Sunana."

Na durƙusa. Na ce, "Tun ina garinmu na sani. Tun ranar da aka raɗa maka shi aka bugo waya."

Ya juya kwalekwalen a hannunsa. Ya ce, "Kin manta ne?"

Na ce, "A'a." Na miƙa hannu na jawo shi, hannuna duk ƙarnin kifi, na sa hancina a wuyansa na shaƙa yadda zai ji. Na ce, "Ƙamshi kake yi." Jikinsa ya sandare, bai rungume ni ba, bai kuma ƙwace ba. Da na sake shi ya koma wajen kwatarsa. Amma yana wasa yana waiwaye.

Daga ɗaki Inna ta ce, "An gama? Hannuna ya gaji."

Kada ku zaci daga ranar komai ya gyaru. Sai da aka yi kwanaki yana gwada ni. Zai ɓuya bayan tanki don in kira, in na kira ya ƙi amsawa sai na sake. Zai zo ya jingina da ni daidai lokacin da Inna ke zaune, yana kallon fuskata ya ga ko zan matsa. Ƙafata takan so matsawa da kanta, sai in danne ta. Inna kuwa ta samu sabuwar sana'a, duk lokacin da ya nufo ni sai ta tuna tana da abin dubawa a sama, ko ta ce, "Angon banza, ka samu amarya ka yar da ni." Mijina in na kira sunan yana nan, sai ya kama tari.

Madam ta dawo ba sanarwa wata rana da azahar, ta same ni ina daka da shi goye a bayana yana barci, ƙato da shi, ƙafafunsa har cinyata. Ina jin ƙarar babur hannuna ya tafi kan majanyi zai kwance. Na bar shi a wurin, na riƙe ƙullin. Ta zauna a bencinta, ta ce a ba ta ruwa.

A kotu, a wani babban gari da muka je da mota, alƙaliyar ta sa aka tambaye ni sunan yaron da nake so a ba ni. Ga Inna a dama, ga mijina a hagu, ba labule, ba toshe kunne. Na faɗa, har da sunan ubansa. Zufa ta jiƙa mini hijabi. Inna tana kallon fankar sama kamar ba ta taɓa ganin fanka ba. Ranar da za mu taso, kakarsa ta kama hannuna biyu ta yi magana mai tsawo da yarensu, ba mai fassara. Na yi ta cewa to, to. Har ta rasu muna kiranta a waya duk sallah, ya gaishe ta.

Da muka dawo Wara sai wata kunyar ta tarye ni. Ranar farko da na leƙa waje na kira shi, matan unguwa suka bar abin da suke yi. Kafin la'asar zance ya zaga, wai wance ta je Gana ta sayar da kunyarta ta sayo dokunu. Mahaifiyata ta aiko a kira ni. Ta ce, "Abin da nake ji gaskiya ne? Sunan surukinki, a titi? Haka na koya miki?" Na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara, ta ce, "To ki riƙa rage murya." Wata gwaggon mijina ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata da kyau. Inna ce kawai in an kawo mata ƙara take cewa, "Ni ban taɓa ji ba."

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Da na haifi 'yata ta farko, kunyarta na yi kamar kowa, don ita a cikinmu ta buɗe ido, tana ganin yadda ake yi wa kowane ɗan fari, ta san abin da shirun yake nufi. Abin da ban yi tunani ba a can shi ne, shi ba a cikin shirunmu aka haife shi ba. Ina ta lura da idon Inna, da idon Madam, da idon matan gida, ni da ake cewa ba abin da ke wuce ni, ban lura da yaron da ke neman wanka sau uku a rana ba. Wannan ne har yau in na tuna nake jin fuskata ta yi zafi, ko ni kaɗai ce a ɗaki. 'Yar'uwar da ta yi tambaya jiya, abin da zan ce miki ke nan. Wanda kika ɗauko daga wani gida bai san yadda ake so a gidanku ba. Ki gaya masa da baki.

Yanzu yana sakandare a Yelwa, ya fi mijina tsawo, yaren uwarsa saura gaisuwa kawai. Ya zama ɗan Yawuri sosai. Kwanan baya na je kai masa saƙo, na hango shi cikin abokansa na kira shi. Ya taho da sauri yana waige-waige, ya ce ƙasa-ƙasa, don ni ma Inna yake ce mini, "Haba Inna, sunan Kaka ne fa. Mutane na ji."

Na ce, "Su ji."

Ban taɓa tambayarsa ko yana tuna watannin nan biyu ba. Sau da yawa nakan shirya tambayar in muna zaune mu biyu, sai in dube shi yana cin abinci hankalinsa kwance, in ce bari sai wani hutun.